Shin da gaske matasan yanzu ba sa jin maganar na gaba?

Wani shugaban sashe a wurin aiki ne ya aiko da tambaya. Ya ce ma'aikatansa da suka haura shekara hamsin, in ya ba su umarni sai su ce "to", su tafi su aiwatar. Waɗanda ba su kai talatin ba kuwa sai sun tambaye shi dalili, wani lokaci ma a gaban mutane. Yana so ya sani: tarbiyya ce ta lalace, ko kuwa kowace tsara da yadda take ɗaukar na gaba da ita?

Malam, abin da ka gani gaskiya ne, ba idonka ne ke yaudararka ba. Inda zan saɓa maka shi ne wajen fassara shi. A iya abin da na karanta, da abin da na lura da shi a matsayina na mai koyar da ilimin zamantakewa, matasa ba su daina bin na gaba ba. Sharaɗin bin ne ya sauya. A da kujera kaɗai ta isa ta sa a bi mutum. Yanzu kujerar tana nan da darajarta, amma ana so wanda ke kanta ya nuna ya san abin da yake yi, ya kuma iya faɗin dalilinsa. Wannan sauyin kuwa a hannun manya yaran suka same shi, kamar yadda za ka gani in mun je wurin.

Kafin nan sai mun warware wani ƙulli da ke ba masu bincike wahala tun da daɗewa. In ka ga ɗan shekara 25 da ɗan shekara 55 sun bambanta, abu uku ne ke iya jawo hakan, kuma a cakuɗe suke zuwa. Akwai shekarun kansu, akwai halin da ake ciki wanda ya shafi kowa babba da yaro, sannan akwai abin da wata tsara ta tashi da shi ya zauna mata har tsufa. Na ukun nan ne kaɗai ya cancanci a kira shi bambancin tsara. Dubi ma'aikacinka mai shekara 55. Yana da 'ya'ya a makaranta, wataƙila da bashi a kansa, ga ritaya ta ƙarato. In ya yi jayayya da kai ya rasa aikin, a ina zai sami wani a wannan shekarun? Shi kuwa ɗan 25, in kun ɓata jakarsa kawai zai ɗauka. Ba a buƙatar wani dogon nazari a kan zamani kafin a gane dalilin da ya sa ɗaya ke haɗiye magana ɗaya ke furta ta. Ƙara da wannan: dattawan da ke ƙarƙashinka yau su ne suka rage. Tsaransu masu kaifin baki sun daɗe da barin wurin, ko an kore su, ko sun kafa nasu, ko ma su ne suka zama shugabanni. Kana gwada matasa duka da dattawan da lokaci ya riga ya tace. In kana son gwaji na adalci, sai ka san yadda mai 55 ɗin nan yake lokacin da yake 25, kuma wannan ba ka da shi, sai dai abin da ya ba ka labari da bakinsa.

Labarin baki kuwa ba abin dogaro ba ne a nan. A 2019 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Protzko da Jonathan Schooler, sun tambayi manya dubbai ra'ayinsu kan yaran yanzu. Sai suka ga wanda ya fi ɗaukar biyayya da muhimmanci shi ya fi cewa yara ba sa girmama manya, wanda ya fi karance-karance shi ya fi cewa yara ba sa karatu. Kowa yana auna yaro da yadda shi yake a yau, sannan ya ɗauka haka shi da abokansa suke tun suna ƙanana.

Wanda ya fara zama ya yi wa maganar tsara nazari mai zurfi shi ne Karl Mannheim, a 1928. Abin da ya ce har yau bai tsufa ba: haihuwa a shekaru ɗaya ba ta isa ta mai da mutane tsara guda ba, sai in wani babban al'amari ya same su tare a lokacin da hankalinsu ke ginuwa, wato daga balaga zuwa farkon shekaru ashirin. Ya kuma ce ko a cikin tsara ɗaya za ka sami ɓangarorin da abu ɗaya ya same su amma suka fahimce shi a kishiyar juna. Shekarar 1968 ta tabbatar da haka. Ana tuna ta da ɗaliban da suka toshe titunan Paris a watan Mayu, da na jami'o'in Amurka masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam. Amma ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na lokacin sun nuna Amurkawan da ba su kai talatin ba sun fi waɗanda suka haura hamsin goyon bayan yaƙin. Masu zanga-zangar su kyamara ta ɗauka, sai suka zama su ne fuskar tsarar baki ɗaya.

Shi kuma halin da ake ciki, ƙasar da aka fi daɗewa ana auna shi ita ce Amurka. A 1964, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce sun yarda gwamnatinsu ta tarayya tana yin abin da ya dace a kodayaushe ko a mafi yawan lokaci. Sai ga Biyetnam, sai ga abin kunyar Watergate da ya sa Shugaba Nixon ya yi murabus a 1974. Kafin 1980 adadin ya sauko kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a 'yan shekarun nan kuma yana yawo wajen kashi 20. Abin lura shi ne ba matasa kaɗai suka janye yardarsu ba. Tsofaffin da suka yi yaƙin duniya na biyu, waɗanda ake kafa misali da su wajen ɗa'a, su ma sun janye. Ruwa ba ya tsami banza. Hukuma ce aka kama tana ƙarya, kowa kuma ya gani.

To amma duk da haka akwai sauyi na gaske tsakanin tsara da tsara, kuma shaidar da ta fi burge ni a kansa daga wani ƙaramin gari ta fito, Muncie a jihar Indiana. A 1924 wasu ma'aurata masu bincike, Robert da Helen Lynd, sun ba iyaye mata na garin jerin halaye, suka ce kowace ta zaɓi uku da ta fi so ta cusa wa 'ya'yanta. Kusan rabinsu sun zaɓi cikakkiyar biyayya, kusan rabi sun zaɓi riƙo da coci. Dogaro da kai bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 1978 aka koma garin da tambaya iri ɗaya. Cikakkiyar biyayya ta faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, dogaro da kai ya haura zuwa kusan uku cikin huɗu. Duane Alwin, wanda ya gwada sakamakon biyu, ya sami irin wannan juyi a wasu binciken na ƙasa baki ɗaya. Ka ga ke nan yaron da ke tambayarka dalili, a gida aka koya masa. Uwarsa ce ta zauna ta yi masa bayanin abin da ya sa ba zai fita ba, maimakon ta ce "na ce kada ka fita". Malaminsa ne ya ba shi maki saboda ya kare ra'ayinsa a aji. Shekara ashirin ana yaba masa a kan haka, ranar da ya kama aiki a ce masa rashin kunya ne.

Me ya sa iyayen suka sauya? Melvin Kohn ya ba da amsar da na fi gamsuwa da ita. A binciken da ya yi a Amurka da Italiya a shekarun 1950 da 1960, ya ga abin da uba ke so a wurin ɗansa yana bin irin aikin da uban yake yi. Wanda ke aiki ana tsaye a kansa, yana maimaita abu ɗaya daga safe zuwa yamma, biyayya yake koya wa ɗansa, domin ya san ita ke riƙe mutum a bakin aiki. Wanda aikinsa ke buƙatar ya yanke shawara da kansa, tunani da dogaro da kai yake koyarwa. Kowanne yana shirya ɗansa ne don duniyar da ya sani. Da ayyuka suka riƙa komawa daga masana'anta zuwa ofis, makarantu suka yawaita, sai tarbiyya ta bi su. Ronald Inglehart ya ƙara wani abu a 1977: waɗanda suka tashi cikin yunwa da yaƙi suna fifita tsaro da tsari, suna manne wa shugaba mai ƙarfi, waɗanda suka tashi cikin wadata kuwa suna ɗaukar tsaron a matsayin abin da yake nan dama, sai su nemi a ji ta bakinsu. Babban binciken ra'ayoyin al'ummun duniya da ya jagoranta tun daga 1981 yana da tambaya a kan ko ƙarin girmama hukuma abu ne mai kyau, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ta fi wadda ke tsakanin tsoho da yaro a ƙasa ɗaya. Doka ma ta bi sahu. Birtaniya ta sauko da shekarun zaɓe zuwa 18 a 1969, Amurka a 1971. Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta haramta wa iyaye dukan 'ya'ya a 1979, yanzu ƙasashen da suka yi haka sun haura sittin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi. Ba yara ne suka zauna a majalisun da suka yi waɗannan dokoki ba.

Akwai kuma cinikin da ke ƙarƙashin biyayya, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba. Ma'aikacin da ya ce "to" shekara talatin yana yi ne da sanin cewa wurin zai riƙe shi, a ƙara masa girma bi da bi, ya fita da fansho. Japan ce ta fi shahara da wannan tsari bayan yaƙi. A wajen 1990 ma'aikatan da ba na dindindin ba a ƙasar kusan kashi 20 ne, yanzu sun doshi kashi 40. In aka janye alkawarin riƙo, da wuya a ci gaba da karɓar biyayya a tsohon farashi.

Masu iko da kansu sun sauya yadda suke riƙe ikon, kuma ba don tausayi kawai ba. A 1961 an tambayi likitoci a Amurka, kashi 90 suka ce sun fi son kada su gaya wa majiyyaci cewa ciwon daji ne da shi. Likita ya san abin da ya fi, majiyyaci ya sha magani ya yi shiru. A wani binciken da aka wallafa a 1979 an maimaita tambayar, kashi 97 suka ce gaya masa suke yi. Shekara goma sha takwas ke nan kacal, da yawa daga cikin likitocin farko ma suna nan bakin aiki.

Misalin da nake so ka riƙe shi ne na jiragen sama. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgi na tsibirin Tenerife, hazo ya rufe ko'ina, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suna kan titin tashi ɗaya ba sa ganin juna. Matuƙin jirgin KLM ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne shugaban horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsu, har hotonsa ake sawa a talla. Ya saki birki ya fara gudu alhali hasumiya ba ta ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya ji wani abu a rediyo da bai kwanta masa ba, ya tambaya ko jirgin Pan Am bai riga ya sauka daga titin ba. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka. Injiniyan bai sake magana ba, mataimakin matuƙin ma haka. Bayan 'yan daƙiƙu jiragen suka yi karo, mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Wannan da wasu haɗura makamantansa ne suka sa tun daga farkon shekarun 1980 kamfanonin jirage suka fara horar da na ƙasa yadda zai ƙalubalanci na sama, da na sama yadda zai saurara. Har yanzu matuƙi ne ke da maganar ƙarshe a cikin jirgi. Amma mataimakin da ya ga kuskure ya kame bakinsa don ladabi, yanzu shi ma mai laifi ne. Ɗakunan tiyata sun ari wannan darasi daga baya.

Kada kuma ka ɗauka biyayya ta mutu. A 1961 Stanley Milgram ya sa mutane a jami'ar Yale suna danna maɓallin da suka yi imani yana jona wa wani wutar lantarki, wani mutum cikin rigar ɗakin gwaji yana cewa su ci gaba. Cikin 40, 26 sun kai har maɓallin ƙarshe mai bolt 450. Bayan shekara arba'in da biyar Jerry Burger ya maimaita gwajin a taƙaice, yana tsayar da shi a bolt 150, inda wanda ake jona wa wutar ke fara ihun a sake shi. Kashi 70 sun nuna za su wuce wurin. An haifi tsara biyu a tsakani, an yi ta maganar 'yanci da tunanin kai, amma da mai riga ya ce a ci gaba, yawanci sun ci gaba. Wani lokacin ma tawayen matasa biyayya ce ga wani iko dabam. Ɗaliban China da suka riƙa dukan malamansu a 1966 ba don sun ƙi shugabanci suka yi ba, umarnin Mao, shugaban ƙasarsu na lokacin, suke bi ido rufe. A yau ma saurayin da ke musu da kai a kan jadawalin aiki, ka duba yadda yake haɗiye maganar wani mai mabiya miliyan a YouTube ko TikTok ba tare da ya tambayi hujja ba. Ni wannan ya fi damuna a kan tambayar da yake yi maka, domin kai aƙalla yana iya ganinka ya tuhume ka.

Game da sunayen da ake laƙaba wa tsararraki, irin su "Millennials" da "Gen Z", waɗanda masu ba da horo a ofisoshi ke yawo da su, shawarata ka yi taka-tsantsan. A 2020 babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta duba binciken da aka yi a kan bambancin tsara a wurin aiki, ta ce hujjar ba ta kai a gina tsarin tafiyar da ma'aikata a kanta ba, saboda yawancin binciken ba su raba tasirin shekaru da na tsara ba. A 2023 Pew, cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Amurka wadda ta taimaka wajen yaɗa sunayen, ta sanar cewa za ta rage amfani da su. Ɗan shekara 25 da ya tashi a gidan soja da tsaransa da ya tashi a gidan malaman jami'a, tazarar da ke tsakaninsu za ta iya fin wadda ke tsakanin kowannensu da ubansa.

Ba ina wanke matasan ba ne. Suna da makantar da ta keɓanta da su. Wanda ya tashi da waya a hannu yana iya binciko kowane bayani cikin minti ɗaya, sai ya ɗauka bayani shi ne sani. Akwai abin da ƙwarewa ke gani wanda ba ya faɗuwa cikin jimla biyu: wannan abokin cinikin in an matsa masa yau zai gudu, wannan na'urar in ta yi irin wannan ƙara saura kwana kaɗan ta tsaya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma wani lokaci babban ba zai iya bayyana yadda ya hango ba. Matashin da ya ƙudurta cewa duk abin da ba a iya yi masa bayaninsa ba ƙarya ne, zai yi asarar mafi tsadar abin da na gaba da shi ke da shi. Akwai kuma lokacin da ba na tambaya ba: gobara ta tashi, majiyyaci na zubar da jini, saura awa ɗaya a miƙa aiki. Sannan da yawansu ba su san cewa tambaya ɗaya tana iya zama neman sani a ofis, ta zama cin fuska a gaban taro ba. Wannan koya musu ake yi, kuma aikinka ne.

Sai dai ka sake duba "to" ɗin dattawan naka. Shiru ma magana ce. Na sha ganin taron da shugaba ya kawo tsari, manyan ma'aikata suka gyaɗa kai, aka watse, a bakin ƙofa ɗaya ya ce wa ɗaya ƙasa-ƙasa, "wannan ai an gwada shi a baya, ba ya aiki." Suka tafi suka yi shi da sanyin jiki har ya mutu da kansa, shugaban bai taɓa sanin dalili ba. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce "ranka ya daɗe, me ya sa?" ya ba ka haushi, amma ya ba ka damar gyara ko kare tsarinka tun kafin a kashe kuɗi a kansa.

Abin da zan ce ka yi ya dogara ne a kan binciken Tom Tyler, wanda a 1990 ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a Chicago kan abin da ke sa mutane bin doka. Ya ga tsoron hukunci ba shi ne kan gaba ba. Mutane sun fi bin hukumar da suke ganin ta cancanta, kuma suna yanke hakan ne daga yadda aka bi da su: an saurare su, ba a nuna son kai ba, an mutunta su, an gaya musu dalili. Ko hukuncin bai yi musu daɗi ba, in aka bi wannan hanya sukan karɓa. Wannan bai keɓanta da wata tsara ba, dattawan ma haka suke so, sun dai saba da rashinsa ne.

Saboda haka in za ka ba da umarni, haɗa shi da dalilinsa a jimla ɗaya tun kafin a tambaye ka, ba zai ci maka minti guda ba. In dalilin ba naka ba ne, daga sama ya zo, faɗi haka. In ba ka da lokacin bayani, ka ce a yi yanzu, gobe da safe za ku zauna, kuma goben ka cika. Wanda ya ƙalubalance ka a gaban mutane, amsa masa tambayar a taƙaice a wurin, daga baya ka kira shi shi kaɗai ka nuna masa cewa tambayarsa tana da kyau amma wurin da ya yi ta bai dace ba, ka gaya masa inda ƙofarka take a buɗe. Dattawan kuma kada ka jira su yi magana a taro, ba za su yi ba. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su ko an taɓa gwada irin wannan, da abin da ya faru. Wanda kuwa aka saurare shi, aka yi masa bayani, aka yanke shawara, sannan ya ƙi yin aikin, ka rubuta masa takardar gargaɗi kamar yadda dokar wurinku ta tanada, ko shekararsa 25 ko 55.